Nafiou da Dusar da Bai Taɓa Gani Ba

A Abu Hail, a wani bene da fentinsa ya gaji da rana, akwai ɗaki mai gadaje masu hawa biyu, kuma gadon ƙasa na kusa da taga na Nafiou ne. Mutumin Damagaram ne, daga wani ƙauye arewa da Zinder inda gero ke tsirowa a kan rairayi kamar mai neman alfarma. Furfura ta cinye masa gemu, tafin hannunsa kuwa ya yi kanta kamar ƙasan tsohon takalmi. Abokan ɗakinsa 'yan kasuwar Naif ne da masu haɗa kargo. Shi kaɗai motar kamfani ke kwasa da safe ta fita da shi bayan gari, inda dogayen gine-gine ke ƙarewa jan rairayi ya karɓa.

Aikinsa buɗe hanya. Wani Balarabe, wanda ma'aikata ke kira arbab, yana da gonar dabino da raƙuma can cikin sahara, kuma daga kwalta zuwa ƙofar gonar akwai wata siririyar hanya mai tsawon da sai mai tafiyar ƙafa ya tsaya ya huta. Iska na rufe ta, Nafiou na buɗewa. Yana yi da ƙaramar motar nan mai hannuwa biyu da ke juyawa a wuri ɗaya, wadda kowa a can ke kira bobkat.

"Motar ɗaya ce," yakan ce, "baki ne da yawa." A rumfar gonar bakunan suke jere a ƙasa. Akwai bokiti na kwasa, akwai garma mai ture rairayi gefe, akwai tsintsiya, wani ƙaton buroshi mai juyawa da ke share abin da ya rage. Kafin ya ɗaura ko wanne, sai ya tsuguna ya damƙi rairayin ranar ya saki, ya ga yadda yake zuba.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne ba shi kaɗai ke kan hanyar ba. Idan rana ta take, kawalwalniya ta fara rawa a kan rairayi, yakan hangi mace tsaye a can ƙarshen hanya, da shuɗin zane, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Ba ta matsowa. In ya tura motar gaba, sai ta ja baya daidai gwargwado. Ya san ta. Balki ce, matarsa, kuma ya san abin da take tambaya.

Shekarar da suka yi aure ta zagayo ne da cikin fari. Naƙuda ta zo da gardama, ungozoma ta ce a tafi likita a Zinder. Aka samo a-kori-kura, aka shimfiɗa mata tabarma a baya. Iska ta kwana biyu tana kaɗawa, kuma a tsakiyar daji suka tarar da tudun rairayi ya haye hanya ya kwanta. Maza suka sauka suna tona, wani da kwano, wani da murfin tukunya, Nafiou da hannuwansa. Abin da suka kwashe, rabinsa sai ya gangaro ya koma. Daga bayan motar muryarta na fitowa, ba ihu, ba kuka, tambaya kawai a hankali:

"Malam, an buɗe?"

Yakan ce, "Saura kaɗan."

A nan bayan motar aka haifi yarinyar. Jini ya ɓalle. Lokacin da taya ta samu wurin kamawa, an riga an ja wa Balki zane har ka. Maganar ƙarshe da ta ji daga bakinsa ita ce saura kaɗan.

Yarinyar aka sa mata Hannatou. Yayarsa ta raine ta a Zinder, shi kuma ya bi motocin gyaran hanya yana koyon tuƙi, daga Agadez zuwa Libiya, daga can Allah ya jefo shi Dubai. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko da ita yake magana. Ta yi karatu, ta auri wani ɗan Maraɗi mai sanyin hali, Mubashir, suka tafi Kanada, ɓangaren da ake Faransanci. Sun fara zama a birni, daga baya Mubashir ya samu aiki a wata gonar shanun madara, aka ba su gida a ƙarshen gonar.

Wata ranar Lahadi da la'asar waya ta shigo. Nafiou na zaune bakin gado, Ɗalhatu abokin ɗakinsa, wani Bakano mai sayar da takalma a Naif, yana kwance a gadon sama yana cin gyaɗa. Mubashir ne. Bayan an gaisa an sake gaisawa, ya ce:

"Baba, shawara nake nema wurinku. Mai gonar ya tsufa, zai tafi wurin 'ya'yansa har sanyi ya wuce. Ya bar mini irin motarku, amma bokiti kawai gare ta. Ya ce in zaɓi baki ɗaya a wurin dila saboda hanyarmu. Doguwa ce, Baba, daga gida zuwa kwalta. In dusar ƙanƙara ta sauka, ba mai buɗe mana sai mu."

"To, to. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Likita ta ce cikin Janairu, in sha Allah."

Hannatou na da juna biyu. Ciki na fari, gida a ƙarshen doguwar hanya, da wani abu da ke saukowa ya rufe ta. Ya ji rairayin wancan daji a ƙarƙashin faratansa.

"Me ka ce sunan abin?"

"Dusar ƙanƙara, Baba."

Dusa. Ya san dusa tun yana goye. Ya ga mata na sheƙe gero tana tashi, ya ga yadda ɗan numfashi ke kore ta daga faifai. A talabijin ma haka ya ga abin yana saukowa, fari, ba nauyi, kamar ana bakace a sama.

"Bon," ya ce. "In dusa ce, ba a kai mata garma. Tsintsiya za ka ɗauka. Ta share maka tas har ƙasa."

Sannan Mubashir ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Da aka kashe waya, Ɗalhatu ya leƙo da kai daga sama. "Ikon Allah! Badamagare ya zama malamin ƙanƙara. Kai da ko firji ba ku da shi a garinku."

"Ku da kuke da shi, ina wutar?"

"Bawana, ka dai bi a hankali. Abin da ba ka taɓa taɓawa ba."

Nafiou ya yi dariya, amma maganar ta kwana a ransa, ta kuma bi shi wurin aiki.

Makonni suka shuɗe. Cikin Disamba, wata rana Hannatou ta kira shi da kanta. Tana ta hira, tana ba shi labarin wata saniya da ke bin ta har ƙofa, sai ya tambayi mai gidan.

"Yana waje tun safe. Shi da shebur."

"Shebur? Ina tsintsiyar?"

Ta yi 'yar dariyar da ake yi in ana son rufa wa mutum biyu asiri lokaci ɗaya. "Tana nan, Baba. Ta yi ƙoƙari. Ranar farko ta share tas. Ta jiya ce ta fi ƙarfinta."

"Kwana nawa ba ku fita ba?"

"Ai ba inda za mu je."

Suka yi sallama. Washegari da rana ta take, matar mai shuɗin zane ta fi kullum fitowa sarai. Har ya ga kamar leɓunanta na motsi.

Ranar hutu ya sa hula ya tsaya kan Ɗalhatu. "Tashi ka raka ni. An ce akwai wani kanti da aka gina dutsen ƙanƙara a ciki."

"Ni? Da girmana in je wurin wasan yara?"

"Yalla, mu je, Bakano. Kai ka ce ban taɓa taɓawa ba."

Suka hau jirgin ƙasa na metro. A wurin aka ba su manyan riguna masu auduga da takalma kamar na sojan ruwa. Ƙofa na buɗewa sanyi ya mare su. Yara na ta zamiya suna ihu, iyaye na ɗaukar hoto. Ɗalhatu ya ƙanƙame jikinsa, haƙoransa na kaɗawa.

"Wallahi in na mutu a nan, kada ka ce wa mutanen Fagge sanyi ya kashe ni a Dubai. Ba mai yarda. Ka ce mota ce."

Nafiou bai ji shi ba. Ya cire safar hannu, ya tsuguna kamar yadda yake yi kowace safiya, ya damƙa. Ya buɗe hannu yana jiran abin ya zube. Bai zube ba. Ya dunƙule, ya ɗauki shatin yatsunsa, ruwa na ɗiga ta ƙasan. Ya tara da hannu biyu ya ɗaga, ya ji nauyi har kafaɗa. Ya taka wani wuri da yara suka tattake, ya ji shi da tauri kamar daɓe.

Sai ya tuna. Ai dusa iri biyu ce. Akwai ta faifai, wadda iska ke wasa da ita. Akwai kuma wadda Balki kan kwaɓa wa ragon layya da ruwa da ɗan kanwa, wadda in ta cika daro sai ta kira shi ya kama mata. Sunan bai yi masa ƙarya ba. Shi ne ya ji rabinsa ya bar rabi.

"Jiƙaƙƙiya ce," ya ce a hankali.

"Me?"

"Na sa yaron mutane ya share kwaɓaɓɓiyar dusa da tsintsiya."

Ɗalhatu ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya fasa. "Khalas, shi ke nan, ka taɓa. Mu fita kafin hancina ya faɗi."

A ranar, tun kafin yatsunsa su daina zugi, ya kira Mubashir.

"Malam Mubashir, yau ba na son 'to, Baba'. Ka ji ko? Tun farko ka san tsintsiya ba za ta yi ba?"

Mubashir ya ce, "Wani dattijo maƙwabcinmu ya faɗa mini, Baba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kun riga kun yi magana."

Nafiou ya rufe ido. Da shi ne a gaban mahaifin Balki, shi ma abin da zai yi ke nan. "Kunyarka ta isa, Allah ya yi maka albarka. Amma hanya ba ta san suruki ba. Dilan zai karɓi tsintsiyar ya sauya?"

"Zai sauya. Ina tunanin garma, Baba. Tana da sauri, kuma ba ta da wuyar sarrafawa."

"Iska daga ina take zuwa muku?"

"Daga hagu in ana fita. Fili ne fetal, ko itace babu."

"In ta kaɗa, abin na tafiya a ƙasa kamar maciji, ya taru a bayan duk abin da ya tare shi?"

"Haka yake yi. Kamar kun gani."

"Ban gani ba. Rairayi nake faɗa maka. Garma za ta tara maka katanga biyu, dama da hagu, hanyarka ta zama kwari. Iska ta zo ta cike kwarin, gobe ya fi na yau zurfi, kuma ba ka da inda za ka ƙara turawa. Ni a nan sai in kwasa da bokiti in kai can nesa, ɓangaren da iska ke tafiya. Amma hanyarka doguwa ce, bokiti zai cinye maka yini. Ba wani baki da ke jefa abin nesa?"

"Akwai, Baba. Suflez suke ce mata. Tana haɗiye shi ta gaba, ta feso shi ta wani bututu a sama, duk inda aka juya bututun. Ita dattijon ya ce."

"To ka ga. Wannan bakin ban taɓa ɗaura shi ba, kai za ka koya mini."

Daga nan Mubashir ya saki jiki. Ya ce sai an duba ƙarfin man da motar ke turawa, don in aka ɗaura mata babbar da ta fi ƙarfinta, juyawa kawai za ta yi ba ta jefa komai. Ya ce hanyar tsakuwa ce, dole a ɗan ɗaga bakin daga ƙasa, in ba haka ba duwatsu za ta riƙa harbawa. Nafiou na ta cewa, "Wala, wala," wato yauwa, yana gyaɗa kai kamar ana ganinsa. A ƙarshe ya ce:

"Abu ɗaya zan ƙara. Kada ka jira ta gama zuba. Tana zuba kana buɗewa, ko ba inda za ku. Tanki cike, motar na kallon waje. Kuma in ta shaƙe, ka kashe inji kafin ka kai hannu."

"In sha Allah, Baba."

"Ba 'to' ba?"

Mubashir ya yi dariya, karo na farko a gaban surukinsa. "Ba 'to' ba. Na yarda ne."

Janairu ta kama. A Dubai ma iskar arewa ta taso, rairayi na tsallaka hanyar arbab harshe-harshe. Wata Talata, la'asar ta gabato, Nafiou na cikin motar da bokiti a gaba, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Mubashir ne. A can gari bai daɗe da wayewa ba.

"Baba, lokaci ya yi, ya zo da wuri. Tun jiya ake zubawa, na buɗe da asuba ta sake rufewa. Ku sa mu a addu'a."

Bai jira amsa ba, bai kuma kashe wayar ba. Da alama aljihu ya jefa ta. Nafiou ya kashe injinsa ya manna wayar a kunne. Ya ji ƙofa, ya ji iska mai kuka, ya ji inji ya tashi. Muryar motar irin tasa ce sak, sai dai da wani gurnani a kai wanda bai sani ba, gurnanin bakin da ke haɗiya yana fesarwa. Ya zauna cikin zafin sahara yana bin ta da kunne. Ga ta tana tafiya. Ga ta ta ci karo da tudu, muryar ta yi ƙasa. Ga ta ta fita.

Sai gurnanin ya sarƙe, ya tsaya.

"Kashe ta!" Nafiou ya daka tsawa cikin wayar da ba mai saurare. "Kashe ta kafin ka sa hannu!"

Injin ya mutu. Ba abin da ya rage sai iska, da nishin mutum, da ƙarar itace na bugun ƙarfe. Nafiou ya ɗaga ido. Rana ta riga ta karkata, lokacin kawalwalniya ya wuce, amma tana nan tsaye a ƙarshen hanya, hannu a ƙugu. Bai taɓa ganinta a wannan lokacin ba. Ya duba hannuwansa, ya ga yatsun sun lanƙwashe suna tonon cinyarsa.

Injin ya sake tashi. Gurnanin ya dawo, ya yi ta yi, ya yi ta yi, har Nafiou ya daina sanin inda yake. Daga baya sautin ya juya, ya yi sauri, ya tsaya. Takun gudu. Ƙofa. Sannan, daga nesa kaɗan, ta cikin tufafin aljihu, muryar Hannatou ta fito. Ba ihu, ba kuka. Muryar da ya bari a dajin arewa da Zinder ce, ba abin da ya sauya a cikinta.

"An buɗe?"

Bakin Nafiou ya buɗe da kansa, tsohuwar amsar na kan harshensa. Mubashir ya riga shi.

"An buɗe. Taso a hankali."

Wayar ta katse.

Ya daɗe zaune. Sannan ya tayar da motar, ya sauke bokiti, ya bi hanyar arbab yana kwasa yana kaiwa nesa, har ya share ta fes zuwa ƙofar gona. A nan ya sauko, ya tsaya a inda takan tsaya, ya faɗa da ƙarfi yadda na bayan mota zai ji:

"An buɗe, Balki."

Wani mai kiwon raƙuma ya waiwayo ya dube shi, ya ci gaba da tafiyarsa.

Labari ya iso da safe yana cikin motar kamfani. Namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Ɗalhatu ya kira yana ihu cewa an ƙara wa Kanawa bawa ɗaya, kuma shi ba zai yarda da dabino ba, sai an yanka masa kaza a gidan abinci a unguwar Al Muraqqabat. Nafiou ya yi hamdala, ya yi dariya, ya goge ido da hannun riga.

Da rana ta take, ya tsayar da motar a tsakiyar hanya ya duba. Kawalwalniya na rawarta. Ga ƙofar gona, ga kan dabinai, ga sararin sama fari fat. Babu kowa. Ya jira har inuwar motar ta fito daga ƙarƙashinta. Washegari ma ya jira. Shekara da shekaru yana roƙon Allah ya ba ta hutawa, bai taɓa tunanin cewa ranar da aka amsa zai sake yin rashinta ba.

Har yanzu yana can. Hanyar arbab ba ta taɓa kwana a rufe ba, kuma in aka kawo sabon direba, Nafiou kan sa shi ya tsuguna ya damƙi abin da zai kwasa kafin ya tambayi sunansa. Sai dai masu shiga gonar sun lura da wani abu. A can ƙarshe, dab da ƙofa, kullum akwai wani ɗan siririn harshen rairayi kwance a gefen hanyar, wanda taya ke takawa ba ta ji ba. Arbab ya taɓa nuna masa shi ta tagar mota. Nafiou ya ce, "Shwaiya shwaiya, arbab, a hankali, saura kaɗan." Bai kwashe shi ba.